Babur ɗin Ruwa a Tsakar Gidan Misfala

Na yi shekara arba'in da ɗoriya ina kwanciya a ƙarƙashin motocin alhazai. Duk bas ɗin da ta taɓa shaƙewa a hanyar Arfa, in ba ni na buɗe cikinta ba, to na san wanda ya buɗe, kuma na san ɓarnar da ya yi. Karatuna aji huɗu ne, na biyar ɗin ta taga na leƙa shi. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace sai ya yi haƙuri, da sifana hannun ya saba.

Ranar da aka sallame ni daga garejinmu na Aziziyya, aka ba ni agogon bango da takardar yabo, na dawo gida unguwarmu Misfala, a nan Makka, na zauna kamar yadda aka ce dattawa suna yi. Kwana uku na iya. A na huɗu na kwance fankar ɗaki, wadda lafiyarta ƙalau. A na biyar na kwance injin wanki. Hajiya, matata, ta shigo ta tarar da ni a tsakiyar notuna, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Dubawa nake kada wani abu ya same shi."

"To ai ga shi ya same shi."

Sa'o'ina suna tafiya Harami bayan la'asar su zauna har a yi isha, hankalinsu kwance. Ni ma ina zuwa, alhamdu lillahi, tafiyar ƙafa ce daga ƙofarmu. Amma da na fito, kunnena na kan titi. In mota ta wuce tana tari, sai na bi ta da ido har ta sha kwana, ina faɗa wa kaina abin da ke damunta. Na tashi, na zauna, na leƙa waje, na dawo. Hajiya ta ce ko tabarma ta gaji da ni.

Autarmu ma'aikaciyar jinya ce, ita ke da mota a gidan. Hausarta rabi ce, sauran Larabci, kuma in ta yi fushi rabin ma tafiya yake. Wata rana wani ya karya mata madubin mota, ta ce in raka ta tashlihi, inda ake yanka tsofaffin motoci ana sayar da kayan cikinsu, don kada a cuce ta. Na san dabara ce ta uwarta, a fitar da ni daga gida kafin in kai ga firji. Na bi ta.

A can na gan shi. Yana kwance a gefen wata tasi marar ƙofa, shuɗi da fari, rana ta cinye fentinsa. Yana da kujera da hannun tuƙi kamar babur, amma ba taya ko ɗaya, cikinsa sumul kamar na kifi. Na zagaya shi sau uku. Mai wurin ya ce dabbabin ruwa ne, wato babur ɗin ruwa, wani ɗan gata ya yi wasa da shi a tekun Jidda ya jefar, gishiri ya kama injin ya sandare.

"Ba ya gyaruwa, ya hajj," in ji shi.

Da ya ce mini ga ragi, da na wuce. Amma ya ce ba ya gyaruwa.

Auta ta ce, "Abuya, la', a'a. Wallahi Ummi za ta kashe mu." Na ce mata a tarihi ba a taɓa kashe mutum biyu a kan babur ɗaya ba. Washegari aka kawo shi a bayan akori-kura, tare da ɗan amalankensa mai taya biyu.

Lungunmu mota ba ta shiga. Sai da muka tura shi da hannu, ni da maƙwabta huɗu, masu umara suna raɓewa jikin bango da haraminsu suna kallonmu. Wani ma ya ɗauki hoto. Daidai ƙofar gidana akwai shagon wani tela Bazazzagi, abokin wasana, wanda muka tsufa tare muna zagin juna. Ya ɗago daga keken ɗinkinsa ya sauke tabarau.

"Bakano, wannan fa? Labarin ambaliya aka yi maka a ɓoye?"

"Ka ci gaba da ɗinki. Ran da ruwa ya gangaro Misfala, kai ne farkon wanda zan wuce ban ɗauka ba."

"Garin da ko kududdufi babu ka kawo jirgi. Allah Ya shirya Kanawa. Ko a Lahira aka ce gwanjo ne sai kun saya."

Hajiya ta fito tsakar gida. Ta dubi abin, ta dube ni, ta dubi firjinta, sai ta matsar da turmi ta ba shi gefen inuwa na tsakar gida. Mace ce mai lissafin nesa.

Da na ɗaga kujerar na leƙa ciki, sai na ji kunya irin ta malamin da aka miƙo wa littafi da harshen da bai iya ba. Na nemi lagireto, babu. Na nemi giya, babu. Na nemi birki sama da ƙasa, har da fitila, babu. Totur ɗin ma wani ɗan harshe ne a hannun dama, sak birkin keken da na koyi hawa da shi ina yaro. Auta ce ta riƙa karanto mini daga wayarta, tana juya Larabcin zuwa Hausarta mai ɗingishi. Abin yana zuƙar ruwa ta ƙasa, farfela ta murɗa shi, ya feso ta baya, da wannan yake tafiya. Da ruwan tekun kuma yake sanyaya kansa. Na ce to wannan ai ba inji ba ne, ɗan rainon teku ne.

Wata bakwai na yi a kansa. Na jiƙa fistin da mai har ya saki, na kankare tsatsa da buroshin haƙori, na wanke kafireta sau ban san adadi ba. Abin da babu a Makka na sa aka nemo a Jidda, abin da babu a Jidda na ƙera. Barcin rana ya dawo mini, abinci ya dawo da daɗi. Ba na ƙara bin motocin mutane da ido.

In za a tayar da shi a tudu, sai an haɗa masa tiyo, kuma da ƙa'ida: inji ya fara tashi kafin a buɗe ruwa, a rufe ruwa kafin a kashe inji. In ka juya su, ruwa ya cika masa ciki. Na sa Hajiya a kan famfo, domin a gidan nan ita ce ba ta mantuwa. Ranar da ya fara tashi, tattabarun unguwa gaba ɗaya suka watse, hayaƙi ya cika gidan, tela ya shigo da almakashi a hannu yana salati. Hajiya tana riƙe da famfo tana ihu, "In buɗe? In buɗe?" Ni kuwa ina tsaye ina dariya kamar wanda aka yi wa haihuwa.

A ranar gyara ya ƙare. A ranar kuma damuwata ta dawo, domin abin da ke bayan gyara shi ne teku.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa tela ba. Ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Mahaifina da ƙafa ya taho daga ƙasar Kano, shekaru yana tafe yana aiki a hanya, bai ji tsoron daji ba, bai ji tsoron yunwa ba. Amma kwanakin da ya yi a jirgin katako daga gaɓar Sudan zuwa wannan gaɓar, har ya rasu in ya tuna su sai ya ajiye lomar da ke hannunsa. Yakan ce mana ruwa ba shi da reshen da mutum zai kama. Da wannan na girma. In mun je bakin teku a Jidda da iyali, nakan zauna nesa in ci soyayyen kifi, in ce iskar ce ba ta yi mini.

Saboda haka sai na gano cewa babur ɗin bai kammalu ba.

Da farko na ga ba shi da ham. Yaya za a sa abin hawa a hanya ba ham? Na nemo na tsohuwar bas, irin mai sa raƙumi ya durƙusa, na ɗaura masa. Sai na ga madubansa ƙanana ne, na sa masa na bas masu dogon hannu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kujera ta tsage, na kai wa tela ya rufe ta da ragowar kafet, shi kuma don mugunta ya ƙara da tuntaye ja da kore a hannun tuƙi, ya ce kyauta ce daga Zazzau. Na yi masa akwatin ajiye butar shayi. Na manna masa ɗan agogon nuna alƙibla. Na yi masa fenti kore, na ga bai karɓe shi ba, na mayar shuɗi, na sake komawa kore.

Akwai kuma makullinsa, wani ɗan roba mai doguwar igiya ja a murɗe kamar ta wayar tarho ta da. In ka zare shi, inji ya mutu nan take. Na dube shi na ce wannan ɓata zai yi. A gareji mun san makullin da ya bar mota ya shiga aljihun mutum, to ya tafi Ɗa'ifa ke nan. Saboda haka na nannaɗe igiyar a hannun tuƙi, na ɗaure robar da waya tam, yadda ko aljani ba zai zare ta ba. Tuntayen tela suka rufe wurin. Na yaba wa kaina ƙwarai a kan wannan hikima.

Haka muka ci aikin Hajji biyu. Kuma Hajiya, duk shekara in alhazai suka fara sauka, gidanmu cika yake da 'yan'uwa da 'yan'uwan 'yan'uwa masu marmarin tuwo da miyar kuka. Manyan tukwanenta uku a tsakar gida suke zama, a gefen inuwa. Shekara biyu tana tuƙa tuwo a rana saboda babur ɗina. Bayan ƙaramar Salla ta shekara ta uku, ina durƙushe ina tunanin ko in sa masa fitilar sigina, sai na ga inuwarta a kaina.

"Malam, yaushe za a kai shi ruwa?"

"Saura kaɗan. Akwai wata 'yar ƙara da nake ji a farfela."

"Bara ma ƙara ka ji."

"Ta bara daban."

Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, abin da ba ta yi sai magana ta kai magana.

"Ka saurare ni. Abin hawa ina ba shi wuri a gidana, ko da zan yi girki a kan titi. Amma abin da ake shafawa, ana yi masa ado, ana zagaya shi safe da yamma, ba a hawa, wannan sunansa daban, kuma ba ya zama a gidan Musulmi. Kafin watan nan ya mutu, ko ya shiga ruwa kana kansa ina gani da idona, ko mai tashlihi ya zo ya ɗauki kayansa."

"Hajiya, ke ba ki san sha'anin inji ba."

"Ban san inji ba. Amma na san mutumin da ke cin kifi yana ba teku baya."

Na ɗauki sifana na ajiye. Na sake ɗauka. Shekara arba'in da shida ina zaton na ɓoye mata.

Kwanakin da suka biyo baya ban ga daidai ba. In na dubi babur ɗin, sai in ga mai tashlihi yana yanka shi da wuta, in ga kaina na koma bin fanka da injin wanki. In na rufe ido kuma, sai in ga ruwa ba reshe. Na je wa Auta da shawarar ko ita za ta hau a madadina, tunda jinina ce. Ta ce Ummi ta riga ta toshe wannan ƙofar. Na ce ai sai da takardu. Ta ce ta gama su tun bara, suna cikin jakarta. Na ce rigar da ke hana nutsewa fa? Ta fito da ita daga bayan mota, ruwan lemo, sabuwa fil a leda. Ashe gidan gaba ɗaya a shirye yake, ni kaɗai ake jira.

Na duba sama ko hadari zai taimake ni. Makka ce, ba ta taimake ni ba.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka tura shi zuwa bakin titi muka ɗaura amalanken a motar Auta. Tela ya rufe shago ya shigo baya da butar shayinsa, ba wanda ya gayyace shi.

"Ina za ka?"

"Shaida. In ka nutse, wa zai kai labari Kano? Kuma ina so in ga yadda ɗinkina zai yi a ruwa."

Muka kama hanyar bakin tekun Shu'aiba, duwatsu suna raguwa, ƙasa tana shimfiɗewa. Auta tana tuƙi tana yi mini bita.

"Abuya, isma'. In za ka juya, kada ka saki totur. In ka saki, ma fi sitiyari, ba ya juyawa. Ruwan da yake fesowa shi ke juya shi. Fahimt?"

"Ni za a koya wa tuƙi? Na sauko da bas daga Arfa ba birki, mutum hamsin a ciki, kina ina?"

Gaskiyar magana ban ji rabin abin da ta ce ba. Bakina yana amsa mata, zuciyata tana karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Tekun ya fito mana kwatsam a bayan wani tudun yashi, shuɗi, ba iyaka, kwance kamar bai taɓa cin kowa ba. Hajiya ta shimfiɗa tabarma ta buɗe lema ta zauna kamar alƙali. Auta ta yi baya da mota har tayoyin amalanke suka nutse. Babur ɗin ya zame ya hau ruwa, ya yi lilo sau biyu ya tsaya cak. Kusan shekara uku ina kallonsa a kan taya kamar mara lafiya a gado, ban taɓa sanin haka yake da kyau ba.

Na ɗaure rigar lemo a kan doguwar rigata. Ruwa ya kama idon sawuna, ya kama ƙwauri, ya kai gwiwa. Nan ne iyakar da na sani. Na ƙara taku ɗaya, na ji wandona ya yi nauyi, na yi wuf na haye kujera.

"Bismillahi, Bakano!" in ji tela daga tudu. "In ka isa Sudan ka gaishe su!"

Na danna, ya tashi. Na taɓa totur kaɗan, ya matsa. Na ƙara, ya ɗaga hanci. Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, abin da na ji a 'yan mintocin nan ban taɓa jin irinsa a kan kwalta ba. Ba rami, ba ɗan sanda, ba alhajin da zai tsallaka maka titi yana kallon sama. Injin da na tayar da hannuna yana waƙa a ƙarƙashina, ba tari, ba gargada. Iska ta cika mini riga. Har na fara tsara abin da zan gaya wa tela.

Sai na ga kwalekwale. Na masunta ne, fari, a ɗaure, ba kowa a ciki, kuma daidai hancina.

Hannun da ya yi shekara arba'in a cikin cunkoson alhazai bai tambaye ni ba. Ya saki totur. Ƙafata ta dama ta taka birkin da babu, har sai da na ji zafi a diddige. Na murɗa hannun tuƙi hagu iya ƙarfina. Babur ɗin ya ci gaba da tafiya ɗoɗar, hankalinsa kwance, kamar ba da shi nake ba. Na danna ham. Ham ɗin bas ya tsaga tekun, tsuntsaye suka tashi, kwalekwalen bai matsa ba, domin ba a taɓa yin kwalekwalen da ya ji ham ba.

Saura ƙiris, yatsuna suka lalubo wani abu mai kama da birkin keke, suka matse shi gaba ɗaya.

Totur ne. Hannun tuƙi kuma yana murɗe. Babur ɗin ya yi wata irin juyawa a wuri ɗaya, kwalekwale ya wuce ta gefen idona, sama ta koma ƙasa. Shi ya yi hagu, ni na ci gaba da tafiya inda muka nufa tun farko.

Ruwan ɗumi ne, da gishiri kamar an yi ɓarin miya. Na nemi ƙasa da ƙafa, babu. Na nemi reshe, mahaifina ya yi gaskiya. Na yi kalmar shahada da ƙarfi, na sha ruwa, na sake yi. Sai na lura ina ta shahada amma ban tafi ko'ina ba. Rigar lemo ta riƙe ni ta wuya kamar yadda kyanwa ke ɗaukar ɗanta. Hulata tana yawo a gabana.

A nan na ji ƙarar inji. Babur ɗina bai mutu ba. Yana tafiya a hankali shi kaɗai, madubai suna walƙiya, tuntaye suna kaɗawa, yana zagaye kamar akuya a turke. Daga tudu na jiyo muryar Auta, Hausa ta gudu gaba ɗaya, Larabci zalla: ina igiyar, ina makullin, me ya sa bai mutu ba? Sai a lokacin na gane amfanin doguwar igiyar nan ja. A wuyan hannu ake ɗaura ta, in mutum ya faɗi ta zare, inji ya tsaya ya jira shi. Ni kuwa na ɗaure ta da waya don kada ta ɓata. Ba ta ɓata ba kam.

Kowane zagaye yana faɗaɗa, iska kuma tana tura shi yamma. Na ga in na tsaya jiran taimako, mai tashlihi ma ba zai same shi ba, hanyar da mahaifina ya zo zai bi ya koma. Wata bakwai na gyara, shekara biyu na ƙarya, duk za su tafi Sudan da butar shayina a ciki.

Ban san yadda ake iyo ba, amma na san yadda ake rarrafe a ƙarƙashin mota. Shi na yi. Na kwanta a kan ruwan na riƙa jan jiki da gwiwar hannu, ina tari, ina tofarwa, zuwa inda na ga zai biyo. Ya zo ya wuce, ban kai ba. Na ƙara ja. Ya sake zuwa, yatsuna suka shafi cikinsa mai santsi suka zame. Na ji tela yana ihu, wannan karon ba wasa a muryarsa, yana kiran sunana na gaskiya, wanda rabon da ya faɗe shi tun muna da baƙin gashi.

A zagaye na uku na daina neman jikinsa, na kai wa madubin bas cafka. Dogon hannun ƙarfen ya lanƙwashe amma bai karye ba, ni na yi waldarsa. Ya ja ni kamar buhu, na miƙa ɗaya hannun na lalubo jan maɓalli na danna. Shiru ya sauka. Na rungume abina, muna lilo tare.

Hawa kuwa ya gagara. Sau uku ina gwadawa yana juyowa kaina. Wani masunci ne ya zo da jirginsa ya ɗaura mana igiya ya ja mu, ni ina rataye a baya. Da muka kusa gaɓa ya dubi ham, ya dubi madubai, ya dubi kafet, ya tambaye ni da ladabi ko daga Makka nake.

Auta ta shigo ruwa da abayarta ta kama ni tana kuka tana faɗa. Tela ya juya baya yana goge tabarau, ya ce gishiri ne ya shigar masa ido, shi da ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Hajiya ba ta tashi daga tabarma ba. Ta miƙo mini tawul, lemar kuma tana can gefe a yashe, iska tana mirgina ta.

Muka kama hanyar gida a mota har muka fara ganin duwatsu. Tela ne ya kasa haƙuri.

"Hajiya, a matsayina na shaida, minti huɗu ya hau shi. Shi kuma ya ja shi minti goma. A shari'ance wa ya hau wani?"

"An tambaye ka?" na ce.

Hajiya tana kallon titi. Sai can ta ce, "Na ce ya shiga ruwa yana kansa. Ya shiga yana kansa. Ban ce komai a kan fitowa ba."

Na buɗe baki zan yi godiya, ta ɗaga hannu.

"Amma inuwa tawa ce bana. Ka matsar da shi bakin ƙofa. Kuma duk wata sai ya ga ruwa, in ba haka ba maganata tana nan. Wannan wayar da ka ɗaure kuma, yau za ka yanke ta a gabana."

Kafin la'asar muka tura shi cikin gida. Ko riga ban canza ba na haɗa tiyo, domin gishiri ba ya jiran mutum ya huta. Hajiya ta tsaya a famfo, na tayar, ta buɗe, ruwan ɗumi ya riƙa fita ta bayansa yana gangarawa lungu. Sannan ta rufe ruwa, na ɗauko filaya na yanke wayar, na zura igiyar ja a wuyan hannuna, na ja, inji ya mutu. Auta ta ce in sake. Na sake sau uku kafin ta yarda.

Da na zagaya shi na ga aikin da teku ya bar mini. Madubi ɗaya ya lanƙwashe, kafet ya sha ruwa yana wari, agogon alƙibla ya cika da ruwa yana nuna Yaman. Na danna ham, ya yi wani ɗan kuka kamar ɗan akuya mai mura. Aikin wata guda ne cur, in an bi a hankali, kuma wata guda aka ba ni.

Mun koma sau biyar daga ranar zuwa yau. Har yanzu in na ga abu a gabana hannuna yana so ya saki, sai na yi masa tsawa da baki. Na cire akwatin shayi da kafet. Madubin hagu kuwa na miƙe shi na mayar, Auta ta yi ta faɗa, na ce wannan ba ya ciruwa.

Jiya ina bakin ƙofa a rana ina kwance ham, tukwanen Hajiya suna tafasa a inuwa, tela ya leƙo.

"Bakano, wai har yanzu wa za ka yi wa ham a teku?"

Na ce masa ya zo Asabar ya tsaya a gabana ya gani.